Ranar Da Attaruhu Ya Fashe A Tukunyar Verna

Ba a yi maganar a maƙabarta ranar binne Verna ba, ba a kuma yi ta a zaman makoki ba. Sai da aka kwashe kujerun haya daga tsakar gida, masu kawo abinci suka gaji suka daina, sannan Charmaine ta zo da yayar mahaifiyarta, Tanti Ermine, suka sa mahaifinta, Hollis, a tsakiya.

"Baba, mun yi shawara. Abincin Lahadi zai koma gidana a Trincity. Mijina Anslem zai riƙa zuwa yana ɗaukar ka bayan an tashi coci."

"Ya ɗauke ni?" in ji Hollis. "Buhun gawayi ne ni?"

"Baba, don Allah."

"In an gama kuma ya dawo da ni ya jingine a bayan ƙofa?"

Tun ranar da Hollis ya auro Verna ya kawo ta gidan nan na Tunapuna, Lahadi ba ta taɓa wucewa ba a cika teburinsu ba: kalalu, wato miyar ganyen gwaza da kuɓewa, shinkafa, kaza, gasasshiyar makaroni, soyayyar agada, da surutun da ake jiyowa tun daga bakin titi. Kuma ya san abin da ke samun gidan da Lahadi ta ƙaura daga cikinsa, don ya gani a kan abokansa. Da farko ana leƙowa. Daga baya a koma waya. Daga nan sai wata rana wani ya tsaya a ƙofa, ya dubi rufin, ya ce ai gidan ya yi wa mutum ɗaya girma.

"A nan za a ci," ya ce.

"Wa zai dafa?" in ji Tanti Ermine.

"Ni."

Tanti Ermine ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda sai da ta huta a tsakiya kafin ta ƙarasa shi.

"Hollis, kai da ko shayi sai ka tambayi inda sukari yake?"

"Yaya Ermine, shekara talatin da ɗoriya ina kallon yadda ake yi."

"Karen gidan nan ma yana kallo."

"To ku zo ran Lahadi. Wanda bai zo ba, shi ya sani."

Akwai wata cuta da ke damun maza irinmu, waɗanda furfura ta fara cin gemunsu. Mutum zai kwashe rabin rayuwarsa a tsaye a ƙofar kicin, yana ɗanɗana miya yana cewa gishiri bai ji ba, daga nan ya ɗauka ya iya. Iyakar girkin Hollis shi ne agwagwar da suke dafawa da abokai a bakin kogi sau ɗaya a shekara, inda mutum shida ke gardama a kan tukunya ɗaya har agwagwar ta gaji ta dahu don kanta.

Ranar Asabar ya ɗauki kwandon Verna ya nufi kasuwa. Ya sayi kaza, ganyen gwaza, kuɓewa, yankin kabewa, busasshiyar kwakwa, da ƙaguwa a ɗaure suna ta kumfar baki. Mai ganyen, wadda Verna ta daɗe tana saye a wajenta, ta zaɓo masa attaruhu guda, rawaya, marar tabo, da ɗan karansa a jiki.

"Mista Hollis, ka san dai ƙamshinsa ake so, ba wutarsa ba. Kada ka bari ya fashe."

"Mis, a ƙasar nan aka yanke min cibiya."

"Ni dai na faɗa."

Ran Lahadi bai je coci ba. Ya ce Ubangiji ya san uzurinsa. Ya saɓule fatar karan ganyen kamar yadda ya sha gani ana yi, ya yayyanka, ya goga kwakwa har da ɗan abin da ya samu na fatar yatsunsa, ya tace madararta. Ya zuba komai a babbar tukunyar ƙarfen Verna, ya jera ƙaguwa, ya ɗora attaruhun a sama a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya rufe.

Kazar ce ta cuce shi, domin ta yi kyau. Ya zuba sukari a mai mai zafi, ya tsaya a kansa, sukarin ya narke ya yi kumfa, ya koma launin zuma mai duhu, kuma kafin ya ƙone ya yi ɗaci Hollis ya juye kazar a ciki. Tukunya ta yi ƙara, ƙamshi ya tashi ya cika gidan, ƙamshin da rabon gidan da shi tun kafin a kwantar da Verna a asibiti. Hollis ya tsaya riƙe da ludayi, ya daɗe bai motsa ba. Da ya motsa kuwa, sai ya motsa da girman kai. Har ya fara tsara abin da zai gaya wa Tanti Ermine.

A cikin wannan girman kan ya buɗe kalalu. Ganye ya narke, kuɓewa ta saki jiki, komai ya yi luguf. Ya tsame ƙaguwa ya ajiye a kwano, ya ɗauko maburgi, ya sa shi tsakanin tafukansa, ya shiga burgawa da ƙarfin mutumin da ya yi shekaru yana juya sitiyarin bas. Yana burgawa yana fito.

Sai ya ga ɗigo-ɗigon rawaya suna yawo a cikin koren. Sai 'yan ƙwayoyi farare. Sai tururin ya bugi idonsa.

Verna takan tsamo attaruhun tukuna, ta ɗora shi a ɗan faranti don mai so ya gutsura, sannan ta taɓa maburgi. Ya ga ta yi hakan sau ba adadi. Kare ma ya gani.

Ya ɗanɗana a bayan cokali. Da farko shiru, har ya fara murna. Can sai abin ya taso masa ta bayan kunne.

Ya ƙara sauran madarar kwakwa. Ya jefa man shanu. Ya jefa dankali, don ya taɓa jin wani ya ce dankali na shanye yaji. Dankalin ya dahu, shi ma ya zama abin tsoro. Ganye ya ƙare, lokaci ya ƙure. Akwai wata mai abinci a babban titi da ke sayar da kalalu ran Lahadi, kuma ba Hollis ne zai zama na farkon da ya saya ya juye a tukunyar gida ba. Har ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Sai ya dubi tukunyar, ya cire takalmin. Ya ce shi zai dafa, ya kuma dafa. Ya mayar da ƙaguwa ciki, ya shimfiɗa mayafin tebur.

Charmaine da mijinta da yaransu da Tanti Ermine suka iso da kayan coci a jikinsu. Tanti Ermine ta shigo hancinta a gaba, ta buɗe tukunyar kaza, ta duba, ta rufe ba ta ce komai ba, wanda a wajenta yabo ne babba. Makaronin ta ɗan zauna a tsakiya, amma tana yankuwa. Charmaine ta dubi teburin, ta dubi kujerar mahaifiyarta, ta shiga gyara cokulan da ba su karkace ba.

"Yara kaza da makaroni za su ci," in ji Hollis. "Kalalun yau na manya ne."

Aka yi addu'a. Anslem, mijin Charmaine, mutum ne mai ladabi, irin surukin da ke yabon abinci tun yana hanyar zuwa baki. Ya malala kalalu a kan shinkafa, ya cika cokali.

"Mista Hollis, wannan ai ya yi..." Sai shaƙuwa ta karɓe sauran maganar.

Tanti Ermine ta taɓa kaɗan a harshe, ta ajiye cokali, ta cire tabarau.

"Hollis. Ka fasa attaruhu."

"Na fasa."

"Da maburgi."

"Da me kike so in fasa shi? Da guduma?"

"Mantawa ka yi ba ka cire ba!"

"Haka nake yin nawa."

"Naka? Yaushe ka samu naka? Yau fa ka fara!"

"To daga yau haka nake yi."

Ya jawo kwanon, ya zuba wa kansa ludayi biyu, ya fara ci. Gumi ya tsatso a sanƙonsa, ya gangaro ta gira, ya ɗiga daga hanci. Leɓɓansa suka daina zama nasa. Ya fasa ƙafar ƙaguwa ya tsotse, abin da ko maƙiyinsa ba zai ba shi shawarar yi ba, domin a nan yajin ya tare da iyalansa. Bai dubi jug ɗin ruwa ba. Anslem kuwa ya riga ya sha rabinsa, yana share ido da gefen mayafin tebur yana cewa, "Da daɗi fa, hik, da daɗi."

"Baba, ka daina," in ji Charmaine. "Za ka kashe kanka a banza. Ka yi ƙoƙari, kowa ya gani, kazar ma ta yi. Amma ka ga abin da muke faɗa. Lahadi mai zuwa sai..."

"Lahadi mai zuwa tukunyar nan za ta hau wuta a gidan nan."

"Wa zai ci wannan?"

"Ku zo, ku ci. Kada ku zo, in ci. Ta sama ma haka, da wadda ke bin ta. Ba na zuwa gidan kowa in zauna da faranti a cinya kamar ɗan gayya."

"Gidana ne gidan kowa, Baba?"

"Gidanki ne, 'yata. Wannan kuma na uwarki ne. Ban ji ta ce a rufe ba."

Ana cikin haka sai murya ta taso daga bayan shinge.

"Maƙwabci! Mista Hollis! Hancina ne ke min ƙarya, ko tukunya nake ji?"

Mis Dularie ce, maƙwabciyarsu, tsaye da gurasar da suke kira roti a naɗe cikin tawul a hannu ɗaya, da kwano wayam a ɗayan. Haka suka saba da Verna, wannan ta miƙa, wannan ta karɓa. Hollis ya miƙe, ya ɗauki ludayi.

Tanti Ermine ta riga shi zuwa ƙofa, ta tare da jikinta.

"Kada ka kuskura. Unguwar nan kaf an san kalalun ƙanwata. Ba za ka fitar da wannan wutar da sunan gidanta ba."

"Duk abin da ya fita ta ƙofar nan abincin gidan Verna ne. Yau Dularie. Mako mai zuwa har da Fada, da matan ƙungiyar coci, kowa da kwanonsa. Ba za ku zo ba, ai dole in sami masu ci."

"Hollis, ba ka da kunya?"

"Na burga ta cikin miyar. Matsa, Yaya."

Ya ɗauki tukunyar gaba ɗaya, ya bi ta ƙofar baya. Duk suka biyo shi, har Anslem da shaƙuwarsa. Ya cika kwanon Mis Dularie. Ita kuwa ba ta jira ta shiga gida ba, ta yagi roti ta dangwala, ta kai baki. Ta tauna. Ta lumshe ido. Ta sake dangwalawa.

"Kai! Maƙwabci, kai ka yi wannan?"

"Ni."

"Allah ya ji ƙan Verna, hannunta akwai daɗi, ba wanda zai musa. Amma shekara da shekaru ina jin nauyin in gaya mata, kalalunta sai na ƙara masa yaji a gida. Wannan kuwa ba ya neman komai."

Hollis ya share gumin sanƙonsa.

Tanti Ermine ta mayar da tabaraunta a hankali.

"Dularie, ke da kike cin barkono kamar gyaɗa, me kika sani a kalalu? Na ƙanwata ne ba ya da daɗi sai an gyara? Wannan abin ne ya fi?"

"Ni ban ce ya fi ba, Mis Ermine. Cewa na yi..."

"Na ji abin da kika ce. Ki riƙe kwanonki. Ran Lahadi zan zo da kaina, a tukunyar nan, a murhun nan, in tuna wa unguwar nan yadda ake kalalu a gidan nan. Charmaine, ke za ki kawo makaroni, don ta ubanki kamar an zauna a kanta."

"Tanti, ai mun ce Trincity..."

"Murhunki na lantarki ne zai riƙe tukunyar ƙarfe? Kawo makaroni, na ce."

Hollis ya samo ragowar muryarsa daga wani wuri can ƙasa.

"Ki zo, Yaya, ƙofa a buɗe take. Amma ni ke dafawa. Ke dai ki tsaya kusa, ki tsare attaruhu."

"Zan tsare shi, in tsare ka."

Suka koma ciki tana ta faɗa, Charmaine na girgiza kai. Hollis ya dire tukunyar a tsakiyar tebur, ya zauna a kujerarsa. Cikinsa ya riga ya fara aiko masa da saƙon abin da ke jiran sa gobe da safe. Anslem ya matso masa da jug ɗin ruwa a hankali, ba tare da ya dube shi ba.

Hollis ya tura jug ɗin gefe, ya miƙa farantinsa.

"Ƙara min ludayi ɗaya."