Jirgin Da Ba Ya Tsayawa a Seabrook

Sai da Hajjo ta kama ƙarfen matakalar tashar sannan Humaira ta lura da lallen hannunta. Sabo ne, ja jawur, har yanzu gefen faratan da ɗan baƙi-baƙi. Ashe abin da ya sa jiya ta rufe ɗaki da wuri ke nan.

"Kawo jakar, Inna, in riƙe miki."

"Bar ta. Ke dai ki kula da kular nan, kar man ya zube."

Humaira ta ƙara rungume kular. Dambun nama ne a ciki, da soyayyun zabi biyu da Hajjo ta sa aka nemo mata daga wata gona bayan Upper Marlboro. A jakar kuma akwai kilishin Maradi da yaji.

Shekara biyu ke nan Humaira tana zaune a gidan Hajjo, tun da ta zo daga Kano karatu. A wannan tashar ta Seabrook take hawa ƙaramin jirgin ƙasa zuwa jami'a. Ta san tashar ciki da bai: rumfa, benci, injin tikiti, sai layin ruwan ɗorawa da aka ja a bakin dandamali. Ta kuma san jirgin nan mai gudu da ke zuwa New York ba ya tsayawa a nan. Wucewa yake yi kamar an jefa shi.

Shekaranjiya Ɗija, 'yar Hajjo ta fari, ta kira wayar Humaira. Ta zo Washington taron aiki, ta ce, amma ba za ta samu leƙowa gida ba, a jirgin nan mai gudu za ta koma New York, a faɗa wa Inna. Humaira ta isar da saƙon. Da ta ga yadda Hajjo ta ci gaba da tsince shinkafa ba ta ɗago ba, sai ta ƙara da nata: ai jirgin ma ta tasharmu zai bi.

"Ta nan?" in ji Hajjo. "To, sai a miƙa mata guzuri."

A nan ya kamata Humaira ta yi magana. Ta buɗe baki, sai ta ga Hajjo har ta miƙe tana neman babbar tukunya. Ta ce bari sai da safe. Da safe ta tarar ana ta daka. Hajjo ba ta taɓa hawa jirgin ƙasa ba. Abin da ta sani shi ne tashar mota, inda ko direba na sauri sai ya ɗan taka burki an cusa wa fasinja ƙulli ta taga.

Idrissa, direban tasi ɗan garinsu Hajjo, shi ya kawo su. Ya sauke su ya ce zai jira a mota.

"Hajiya, a gaishe min da Ɗija. Ki ce ta manta da talakawa."

"Kai ka sani, sarkin surutu. Ni ba wajenta na zo ba. Kayan ne kar su lalace."

Hajjo ba ta taɓa kiran sunan Ɗija ba. 'Yar fari ce, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan". Yanzu ma da suka zauna a benci haka ta ce:

"Yarinyar nan ta ce wane gefe za ta zauna?"

"Ba ta faɗa ba, Inna."

"To ki buɗe ido. Idan ya tsaya ke za ki miƙa. Ni ba zan matsa ba, kar ta ce na ɗoki ganinta."

Humaira ta kalli takalmanta. Ta shirya maganar a ranta sau da yawa, gajeriya ce. Amma duk sanda ta juyo sai ta ga Hajjo tana gyara mayafi, tana leƙen inda layin dogon ya ɓace cikin itatuwa.

Lasifika ta yi magana da Turanci, a ja da baya, jirgi zai wuce. Wani Bature mai jaka a kafaɗa ya matsa jikin rumfa.

"Me suka ce?"

"Sun ce… yana zuwa."

Hajjo ta miƙe. Ita da ta ce ba za ta matsa ba, sai ga ta a kan layin ruwan ɗorawa, jaka a hannu ɗaya, ɗayan a sama tana tsayar da shi. Humaira ta ajiye kular ta kamo gefen zanenta ta ja. Ƙarfen dogon ya fara kuka, sannan iska ta buge su. Tagogi suka yi ta wucewa a manne da juna, ba a rarrabe fuska ko ɗaya. Mayafin Hajjo ya tashi ya rufe mata ido. Kafin ta janye shi sai bayan jirgin, yana ƙanƙancewa.

Ta daɗe hannunta a sama.

"Wannan ba nasu ba ne," ta ce. "Nasu na baya."

Wayar Humaira ta yi ƙara. Ta so ta kashe, amma Hajjo ta riga ta ga hoton da ya fito.

"Ɗauka mana. Sa yadda zan ji."

Muryar Ɗija ta fito, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ke cikin mutane.

"Humaira, wai Inna na hango a tasha? Kamar mayafinta. Don Allah ki ce min ba ita ba ce. Me ya kawo ta? Ke ba kullum a nan kike hawa ba? Kin fi kowa sanin ba ya tsayawa!"

Humaira ta riƙe wayar a tsakaninsu. Ɗija ta yi ta cewa "Hello? Inna? Inna, kina ji na?" har layin ya yanke.

Hajjo ba ta dubi wayar ba. Sai ta dubi Humaira, kallo ɗaya, ba na faɗa ba. Da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Inna, na so in…"

Hajjo ta gyara mayafinta, ta lulluɓe har goshi. Baturen nan yana satar kallonsu. Ta sunkuya ta ɗauki kular da kanta, ta haɗa da jakar, nauyin ya karkatar da ita gefe guda. Humaira ta miƙa hannu, Hajjo ta kauce.

Ta bi matakala a hankali. Daga sama Humaira ta ga Idrissa ya fito daga mota da fara'a yana buɗe mata ƙofa. Hajjo ta wuce shi, ta wuce motar, ta kama hanyar gida da ƙafa.