Na Takwas a Interlagos

Kujerar ta maƙale a kwanar matattakala da Seu Lourival a cikinta, ƙafafunsa na reto. Surukinsa Genival na ja daga sama, Edmar ɗan maƙwabciya na turawa daga ƙasa, duk sun jiƙe sharkaf da gumi.

"Kun shiga kwanar da wuri," in ji tsohon. "Da a filin tsere ne da tuni kun rungumi bango."

"Baba, ka rufa mini asiri ka riƙe kujera da kyau," 'yarsa Marilda ta ce. Ta waiwayo ta harari maƙwabciyar, Dona Irani, da ke bayanta ɗauke da tukunyar wake. "In wani abu ya same shi, ke za ki yi wa likita bayani."

"Zan yi masa," in ji Dona Irani. "Edmar, sa kafaɗa, ba ƙwai ka ɗauko ba."

Ita ce ta haɗa wannan aikin, kuma unguwa ta sha mamaki. Tun tana amarya katanga ɗaya ta raba gidanta da na Seu Lourival, kuma duk shekara in makon babban tseren motoci na filin Interlagos da ke kusa da su ya zo, sai ta kulle ƙofa ta tafi Santos wurin ƙanwarta, ta ce ƙarar na fasa mata kai. Shi kuwa direban bas ne da ya yi shekaru yana ɗaga tuta a bakin titin tseren ranakun hutunsa. Bana aka sallamo shi daga asibiti, aka ce a kai shi gida ya ci abin da ransa ke so. Ranar Juma'a ta shiga yi masa sallama da jakarta a hannu, daidai lokacin da motocin suka fara gwaji, tagogi na karkarwa. Ta ga ya ɗago kai yana saurare, sannan ya juya fuskarsa bango. Ta koma gida ta zazzage jakar.

Da ƙyar aka kai shi saman rufin. Daga nan ana hango gangaren filin da kwana guda kafin bishiyoyi su tare. Rufin maƙwabta duk cike yake da mutane, hayaƙin gashin nama na tashi ko'ina. Genival ya hura gawayi, ya kunna rediyo.

"Yanar idon nan ta cuce ni, maƙwabciya," in ji Seu Lourival. "Yau ke ce idona. Ki nemi koriyar mota mai jan hanci. Biyu ne, tamu direbanta farar hular kwano gare shi. Rodolfo Taveira ke nan, ɗan ƙasarmu."

"Shi zai ci?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Taveira? Bai taɓa ci ba, ba kuma zai ci ba. Na goma sha huɗu zai tashi."

"To wahalar me muka sha a matattakala?"

"Goman farko ake ba maki. Bana ko ɗaya bai samu ba, masu motar har sun fara neman wani. In ya shiga goma yau, a ƙasarsa, ƙila su bar shi. Na gaba mota ce ke ɗauke da su, Dona Irani. A tsakiya ake tuƙi."

Da motocin suka tashi, ƙarar ta taso ta cikin siminti har tafin ƙafarta. Ta toshe kunne ɗaya, ta kama bakin katanga da ɗaya hannun.

"Ja ta wuce. Wata ja. Wata kalar gwanda. Kai, ba sa tsayawa mutum ya gan su. Ga tamu can, ta manne wa wata shuɗiya kamar karen da ya ji ƙamshin nama."

"Ta ciki yake bi ko ta waje?"

"Ta wajen ciyawa."

"Yauwa. Zai cinye shi a gangare."

Zagaye na gaba koriyar ce a gaban shuɗiyar. Dona Irani ba ta san lokacin da ta sauke hannu daga kunne ba.

Wajen rabin tseren gari ya haɗe, aka fara yayyafi. Marilda ta miƙe ta ce a sauko da shi. Dona Irani ta yaye ledar tebur ta lulluɓe tsohon, ta bar fuskarsa kawai. Mai rediyo na ta faɗin cewa motoci na tururuwar shiga canza taya zuwa ta ruwa, amma Taveira ya ƙi shiga.

"Dubi sama ta wajen dam," in ji Seu Lourival. "Yaya kika gani?"

Ta duba. "Wannan? Ko shanyata ba na kwashewa saboda shi."

"To ya zauna a waje. Zauna, ɗana, zauna."

Da sauran suka shiga, sai ga Taveira na biyar. Titin ya yi santsi, kuma a kwanar da suke hange bayan motar ya zame, ta karkace tana neman juyawa. Dona Irani ta damƙi hannun tsohon ta cikin leda.

"Ta tafi, ta tafi. A'a, ya dawo da ita."

"Sakar mini hannu, maƙwabciya, ƙashi kaɗai ya rage."

Yayyafin ya ɗauke, titi ya bushe, waɗanda suka canza taya suka sake komawa canzawa. Daga baya manyan motocin suka riƙa cim masa ɗaya bayan ɗaya, ya koma na shida, na bakwai, na takwas. Shuɗiyar ma ta dawo ta liƙe masa, tana leƙe ta dama tana leƙe ta hagu. Dona Irani na tsaye da cokalin wake a hannu tana yi wa direbanta faɗa kamar yana jin ta. Har Marilda ta matso bakin katanga, hannu a baki. Naman Genival ya ƙone, ba wanda ya kula.

Na takwas ya gama. Rufin unguwar ya ɗauki ihu, wani ya harba tartsatsin wuta da rana tsaka. Seu Lourival ya jingina kai yana numfashi sama-sama, bakinsa a washe.

"Marilda, ɗan kurɓin giya."

"Baba."

"Likita ya ce abin da raina ke so."

Ta ba shi kurɓi biyu. Ya ci wake cokali uku, ya tsotsi ƙonannen nama, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba.

Litinin da Talata duk wanda ya shigo dubiya sai ya ji labarin tseren daga farko, kuma kullum Taveira na ƙara wuce mota ɗaya. Talata da yamma rediyo ya ce masu motar sun ba shi wata shekarar. Dona Irani ta shigo da labarin tana haki.

"Na riga ki ji," in ji shi. "Baɗi ki hau da wuri ki kama wuri mai kyau. Santos ba za ta gudu ba."

"Tsohon banza. Ai kai za ka riƙe mini laima."

Ranar Laraba da hantsi ta kawo masa kofi da wainar masara. Ya shaƙi ƙamshin, ya ce a ajiye ya huce. Marilda na taje masa kai, Dona Irani na ba su labarin rigimar mai kifi da matarsa, sai ta lura bai tsoma baki ba, shi da ba ya barin labari ya wuce bai gyara shi ba. Marilda ta ci gaba da tajewa har ta gama ɗaya gefen, sannan ta ajiye matajin.

Washegari aka binne shi. Tsofaffin abokan aikinsa na bakin titi sun zo sanye da rigunansu na aiki masu ruwan lemo, suka tsaya a jere.

Da la'asar Dona Irani ta hau nata rufin kwashe shanya. Unguwar ta yi tsit, sai kukan wani kare daga nesa. Can a filin wani ma'aikaci shi kaɗai yana saukowa gangaren a kan keke, ba ya ko taka feda. Ta tsaya da zanin gado a kafaɗa tana kallonsa har ya sha kwanar ya shige bayan bishiyoyi.