Agogon da Ke Gaida Gwaggo

Shekarar da aikin madatsar Bakolori ya kankama, agogo ya shigo Talata Mafara da ƙarfinsa. Lebura ya ɗaura, direban tifa ya ɗaura, har wanda bai san shida daga sha biyu ba sai ka ga yana naɗe hannun riga.

Malama Regina kuwa, 'yar Zuru mai koyar da aji uku, agogon nan ne ya hana ta sakat. Sufeton makarantu zai zo ranar Alhamis, kuma hedimasta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in yaranta suka kasa karanta agogo, can ƙauyen Dosara mai nisa za a mayar da ita. Ga mijinta Luka yana kanikanci a wurin aikin madatsa, ga goyo. Ina ita ina Dosara?

Ta zana a allo, a banza. Ta yanka na kwali, akuya ta cinye. Ranar Litinin sai dabara ta faɗo mata. Ta kwashi yara zuwa fili, ta zana da'ira da toka, ta tsayar da sha biyu kowa da lambarsa a ƙirji. Falalu, dogo kamar karan dawa, shi ne dogon hannu, zai riƙa zagayawa da gudu. Saude, 'yar mitsitsiyar ajin, ita ce gajeren hannu, tana takawa a hankali.

Abin da Malama ba ta sani ba, Saude ƙanwar baban Falalu ce, autar kakansa. Da ya zagayo zai wuce ta, sai ya ja birki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Gwaggo, an wuni lahiya?"

Saude ta gyara kallabi, ta sha mur. "Lahiya lau, ɗana. Ina gajiya? Ina mutan gida?" Gidan da suka fito tare da safe!

"Falalu, wuce mana!" in ji Malama. "Agogo ba ya gaisuwa!"

"Malama, in wuce gwaggona ban gaishe ta ba? Baba na jin labari kashina ya bushe."

Ƙarfe Bakwai ta faɗa kan Ƙarfe Takwas don dariya, Ƙarfe Uku ya kwanta yana shure-shure. Malama ta so ta canza Saude, Saude ta ce ba a tsige gwaggo. Haka aka yi kwana uku ana zagaye ana gaisuwa. Yaran dai sun iya agogo.

Ranar Alhamis Sufeto ya iso, fuska ba annuri. Ya ce ƙarfe tara, suka nuna. Ya ce huɗu da rabi, suka nuna. A hanya Falalu ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sufeto bai ko murmusa ba. Sai ya fito da tambayar da ya saba kayar da malamai da ita, tun daga Bakura har Maradun.

"Daga sha biyun rana zuwa sha biyun dare, sau nawa dogon hannu yake riskar gajere?"

"Sha biyu!" yara suka amsa baki ɗaya. Malama ma sha biyun ta ce a ranta. Sufeto ya buɗe alƙalami, ta hango Dosara ƙiri-ƙiri.

"Ranka shi daɗe, sha ɗaya na," in ji Falalu.

"Wa ya gaya maka?"

"Gwiwata. Kullum munka gama zagaye, sau sha ɗaya nike durƙusawa. Gwaggo ba ta jirana wuri guda, matsawa takai."

"Ni ko ina ƙirgawa," in ji Saude, "kar shi ci min ko guda."

Sufeto ya dubi Falalu, ya dubi 'yar gwaggon, sai dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. "Shekara tara ina wagga tambaya," ya ce, "sai yau gwiwa ta amsa min!" Ya rufe alƙalami, ya ce wa hedimasta kada a kuskura a taɓa malamar nan.

Daɗi ya kama Malama Regina. Ta tako cikin da'irar toka, idonta taf da hawaye, ta durƙusa gaban Saude.

"Gwaggo, an wuni lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata," in ji Saude. "Tashi haka nan, kin tare wa agogo hanya."