Goron Kangiwa

A mararrabar da turbar jeji ke rabuwa da babbar hanyar Tibiri, Ɗanjuma ya sha gaban jakunan ya karkata su dama.

"Yau ta gaban duwan za mu bi, da rana tsaka."

Sallau ya dubi huhunan goron da suka ɗauro daga kasuwar Kangiwa, can ƙasar Ingilishi, kamar yadda har yanzu ake kiran Nijeriya ko da yake Turawa sun tattara sun tafi. Goron na Ɗanjuma ne, jarinsa ke nan kaf. Shi Sallau ba shi da ko ƙwaya ɗaya a ciki. Abincinsa sanin hanya ne. Shi ke ratsa da fatake ta cikin sabara da gonakin gero, inda ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, bai taɓa sa ƙafa ba.

"Aboki, wa ya ce maka?"

"Rediyo, da kunnena. Ƙasashe maƙwabta sun sa hannu, an haɗe duwan wuri guda. Kaya su shiga su fita, ba haraji. Talaka zai ci goro da araha."

"Ni kuma in ci mi?"

"Ka koma gona, ƙato. Hauyarka ta yi kewarka."

Sallau bai yi dariya ba. Ya bi bayan jakunan yana tunanin gonar da ya bar wa ƙanensa tun tuni, da iyalin da ke jiran hatsi a gida.

"In ƙofa ta buɗe, mai mota ka shigowa, ba mai jaki ba," in ji shi. "Kai ma ka shirya."

"Baƙin ciki dai kake."

Sun tarar da ɗan duwan, Mushe Habu, wato Malam Habu a bakin masu Faransanci, zaune gindin gawo yana fifita da hularsa. Ya daɗe yana kallon su kafin ya miƙe, kamar wanda zomo ya shigo wa ɗaki da kansa.

"Sannunku. Daga ina?"

"Kangiwa, Mushe," Ɗanjuma ya amsa da fara'a. "Mun ji albishir."

"Wane?"

"Na maƙwabta."

Mushe Habu ya sa hularsa. Ya ce maganar gaskiya ce, amma maƙwabtan su ne Dahome, da Wolta, da Kodibuwa, har su Senegal, masu jin Faransanci. Nijeriya ba ta ciki.

"Senegal?" Ɗanjuma ya riƙe baki. "Mushe, uwata 'yar Kangiwa ce. In zakara ya yi cara can, nan muke ji. Su wa na sani a Senegal?"

"Ba ni na rubuta dokar ba, Malam. Goron Abijan dai yanzu yana shigowa Dogon Dutsi a mota, ba mai taɓa shi. Naka kuwa a sauke. Kamamme ne sai babbanmu ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Allah masani."

Aka sauke huhunan. Inuwar gawon ba ta kai gare su ba, ganyen da aka naɗe goron ya fara yaushi. Ɗanjuma ya tsuguna yana yayyafa musu ruwan gorarsa. Goron da ya sha rana ba shi da mai saye.

Sallau ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, don sana'arsa tana nan da ranta. Sai ya dubi bayan abokinsa, kunya ta kama shi. Ya matsa kusa da ɗan duwan, ya cire takalmi.

"Mushe, ka taɓa ganin ɗan fasa-ƙwauri ya kawo kansa yana murmushi? Wauta ce, ba laifi ba."

"Kai ne Sallau, ko? Mai turbar jeji."

Sallau ya sunkuyar da kai. "Manomi ne ni."

"To, manomi, zo ka gani."

Ya kai shi bayan rumfar duwan. Wani keke ne jingine, tayar baya ta yage, an cusa mata tsumma.

"Ƙirar Ingilishi ne. Na aika Dogon Dutsi, na aika Doso. Kayan Abijan sun cika kanti, amma ba tayar da ta shige shi. Da ƙafa nake sintiri."

"Akwai ta Kangiwa," Sallau ya ce a hankali.

Mushe Habu ya juya ya kalli gabas, ya ɗaga murya yadda Ɗanjuma zai ji. "Ni yau ban ga kowa ba. Wanda ya ɓata hanya ya koma ya bi inda ya saba."

Nan da nan suka ɗora huhunan. Ɗanjuma bai ko iya godiya ba, sai haki. Sallau ya tsaya ya gwada faɗin tayar da taƙinsa.

"Ranar kasuwa mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo maka har nan."

"Kul!" in ji Mushe Habu. "Kada ka biyo da ita ta nan. Tana da haraji."