Babban Yatsan Oga

Ogan ɗakin gwajinmu yana da na'urorin awo cike da kabad, amma babu wadda ya yarda da ita kamar babban yatsansa. Kullum da safe sai ya zagaya tebura yana dangwala shi a bayan guntayen lantarkin da muke harhaɗawa. In ya ji zafi ya gyaɗa kai, wai ana aiki. In ya ji sanyi, ka shiga uku.

Nawa guntun irin wanda ake sake wa tsari ne, yau ya ƙirga bugun zuciya, gobe a juya shi ya tace hoto. Wata bakwai na yi ina koya masa dabara ɗaya: in aiki ya yi sauƙi ya rage gudu, ya rage ƙarfin wutar da yake ja, in aiki ya taso ya zabura. Batir ya daɗe, shi kuma ya zauna da sanyinsa.

Oga ya taɓa, ya yamutsa fuska. "Wannan ai barci yake yi. In ya kai Juma'a a haka, ki zuba shi a kwali, in ba wani teburin."

Na miƙa masa takardun awo, ko kallo ba su ishe shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari da na jiyo takun takalminsa, na ɗora kofin shayi a kan murfin guntun, na ƙirga talatin, na ɗauke.

"Yawwa! Me kika yi masa?"

"Ɗan kuzari na ƙara masa, ranka ya daɗe."

Haka na yi wata biyu ina dafa shayi, ni da ko ƙamshinsa ba na so.

Ranar da wata likita ta zo ganin na'urar ƙirga bugun zuciya da aka haɗa da guntun, don ta gwada a asibitinta, aka kai komai ɗakin taro, inda ba a shiga da kofi. Dole na bar nawa a tebur. Na'ura ta yi awa shida da batir ɗaya. Likita ta taɓa murfin ta ce, "Ikon Allah, ko ɗumi babu! Irin wannan nake nema. Tsohuwar tamu har gumi take sa wa jarirai a ƙirji."

Oga ya yi dariya. "Likita, ba ki taɓa daidai ba ne."

Ya dangwala yatsa. Dariyar ta tsaya. Ya dubi allo, lambobi na ta tafiya. Ya sunkuya, ya ga zoben da gindin kofi ya bari a kan murfin, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Dama... sanyin muka nufa tun farko," ya ce wa likita.

Washegari ban dafa shayi ba. Oga ya shigo hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da ma'aunin wuta da ya ciro daga kabad, ƙura duk ta rufe shi. Ya ajiye a teburina, ya waiga ko akwai mai ji, ya rage murya.

"Ta ina ake kunna shi?"