Hannun Zungurum Ya Gaji

Ku yi haƙuri da ni. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, wadda ke zama a kujerar baya a taronku na marubuta na ranar Asabar, ta sha shayinku, ta tafi ba ta ce uffan ba. Sunana Hansatu, ko da wani ya taɓa tambaya. Wannan ne karo na farko da na rubuta abin da ba amsar jarrabawa ba, kuma shi ma ba ni na ƙirƙiro shi ba, barci ne ya kawo mini. Idan kun ga kuskure, ku raba mana laifin ni da shi.

Sai na fara da fim ɗin, in ba haka ba, za ku ce zazzaɓi ne.

Ina ƙarama, gida ɗaya ne ke da bidiyo a layinmu a Haɗeja, gidan Alhaji Tanimu mai taya. Ran Juma'a bayan la'asar akan saki labule, a jera mu a ƙasa, a sa kaset. Wata Juma'a aka sa fim ɗin wani dodo mai suna Zungurum. Ya biyo wata yarinya, ta faɗa ɗaki ta rufe ƙofa, ya zo bakin ƙofar ya tsaya, ya ɗaga hannu sama. Sai aka ɗauke wuta.

Ni dama da ido ɗaya nake kallo, ɗayan yana cikin rigar yayana Mudi. Ya ɗauke ni a kafaɗa yana dariya, ya ce, "Ke matsoraciya, idan aka kawo wuta ni da kaina zan dawo da ke ki ga ƙarshe." Kafin a kawo wutar an mayar wa mai haya kaset ɗinsa. Na girma ina kauce wa duk wata rufaffiyar ƙofa.

Jiya Juma'a wata ƙawata ta turo mini fim ɗin a waya. Na ja bargo, na yi addu'a, na kunna. Jama'a, ashe buhunan gawayi ne aka ɗinka wa bawan Allah! Ƙaho ɗaya ya karkace, ga zif a baya, ga silifas shuɗi a ƙafa, har da agogon hannu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ya iso bakin ƙofar, ya ɗaga hannu, sai wayar ta mutu. Babu wutar caji. Na kwanta.

To, a daren na jiya ne na yi wani mafarki.

Na gan ni a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki, ruwan yana tura shi wurin aiki. Wani tsoho ya wuce ni a cikin tasa lemar, ya ce, "Bana damina ta yi kyau, sama ta kusa cika." Na ce masa Allah ya ƙara.

Sai ga ni a bakin wani ofis, an rubuta Hukumar Kula da Abubuwan Tsoro. Akwai dogon layi, amma a garin wanda ya fi daɗewa shi ke komawa baya, don haka ina zuwa na zama ta farko. A kan teburin akuya ce da tabarau, tana tauna gefen kalanda.

"Ina wuni, ranki ya daɗe."

"Wa kike nema?"

"Wallahi ban sani ba."

"Yana ciki, amma bai zo ba. Shiga."

Na shiga. Zauren majalisa ne, awaki a jere a kan kujeru masu juyawa. Shugabansu wani bunsuru ne cikin babbar riga, gemunsa ya sha turare, turaren bai yi nasara ba. Can ƙarshen zauren akwai ƙofa a tsaye ita kaɗai, ba bango. A gabanta ga Zungurum, hannu a sama. An tokare masa gwiwar hannun da gwafa, an ɗaura wa gwafar ƙyalle mai ƙyalli.

Bunsuru ya buga guduma. "Ƙudurin ƙara wa 'yan majalisa dusa. Wanda ya amince ya ɗaga hannu."

Awaki ba su da hannu, kofato gare su, doka kuma hannu ta ce. Duk suka juya suka dubi Zungurum.

"Jama'a ta amince," in ji Bunsuru. "Ƙudurin mayar da makarantar gari ɗakin ajiyar harawa. Wanda ya amince..."

Suka sake juyawa.

"Jama'a ta amince. Kai, ban taɓa ganin al'umma mai haɗin kai irin wannan ba."

Aka tafi hutun tuƙa. Na lallaɓa ta jikin bango na je kusa da shi. Yana warin gawayi da man zafi. Ya dube ni ta hudar buhun.

"Ke ce 'yar da ke leƙe ta bayan rigar yayanta?"

"Ni ce, Baba."

"Kin girma. Ni kuwa ina nan inda kika bar ni."

Na durƙusa na gaishe shi, don ban san me ake yi wa dodo ba idan ya tsufa.

"Duk yaran da ke falon nan sun ga ƙarshe," ya ce. "Wani a gidan kawunsa, wani a shagon aski. Saura ke. Muddin akwai mutum ɗaya da ya tsaya a nan, ba ni da izinin sauke hannu. 'Yar nan, kafaɗata ta mutu tun kina firamare."

"Ba ku kai kuka ba?"

"Na kai. Suka kafa kwamitin sauke hannu. Kwamitin ya zauna, ya kawo gwafa. Gwafar nan da kike gani duk shekara sai an sake ƙaddamar da ita, da makaɗa."

"To, Baba, ga ni. Ku sauke."

"Ba haka ake yi ba. Dodo ba ya motsi a gaban mai dariya, ƙa'idar aiki ce. Sai kin zauna, ido biyu a buɗe, kin ji tsoro na gaske. Jiya na ji kin kunna, har na fara murna. Sai na ji ki."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Silifas ɗin ne, Baba."

"Takalman dodon ba su shige ni ba. Mai fim ya ce ba wanda zai kalli ƙasa."

"Amma ai na san irin finafinan nan. A ƙarshe kashe ku ake yi."

"To, sai me? An ce mini zan mutu kafin magariba, in cire buhu in tafi gida. Sunana na yanka Ilu. Ina da iyali. Na ce wa uwar 'ya'yana ta ajiye mini tuwo."

Sai na ji sanyin hanci a wuyana. Bunsuru ne.

"Baƙuwarmu! 'Yar albarka! Mun daɗe muna ji da ke. Tsoronki ne ya riƙe garin nan." Ya ɗora kofato a kafaɗata. "Majalisa za ta naɗa ki Uwar Matsorata ta Ƙasa. Akwai mota, akwai lema mai direba. Abu ɗaya kawai, ki bar hannun nan ya zauna lafiya. Ba nasa ba ne shi kaɗai, hannun jama'a ne."

"Ranka ya daɗe, ciwo yake masa."

"Wakilci ai da ciwo. Ko ba haka ba, Zungurum? Idan kana jin daɗin aikinka ɗaga hannu." Ya duba sama. "Kin gani."

Na ce zan yi shawara. Haka nake cewa kullum idan ina so ƙasa ta tsage in shige. Ya tafi yana murna, don a garin duk wanda ya ce zai yi shawara ba a sake jin ɗuriyarsa.

Sai ga ni zaune a kan tabarma a gaban ƙofar, na naɗe ƙafa kamar a falon Alhaji Tanimu. Na buɗe ido na ce, "Bismillah, Baba."

Ya yi gurnani. Gurnanin ya ƙare da tari. Na dubi ƙahon, na dubi haƙoran kwali, na yi iya ƙoƙarina, sai idona ya sauka kan silifas. An ɗaure maɗaurin ɗaya da waya. Dariya ta kuɓuce mini ta hanci. Na ji hannun ya ƙara sandarewa, ƙaƙas.

Sababbin ma'aikatan hukumar suka zo wucewa, samari fes-fes cikin kwat, ba ƙaho ba jela. Akuya mai tabarau ta raɗa mini sunayensu: wannan Yajin Aiki, wancan Ƙarar Babur a Bayanka, mai jakar kuma Za Mu Neme Ki.

"Tsoho, har yanzu da gurnani ake aiki?" in ji Yajin Aiki. "Mu ko tashi daga kujera ba ma yi. Sanarwa kawai."

"Ku bar shi," in ji Za Mu Neme Ki, "kayan tarihi ne."

Suka wuce suna tafawa. Zungurum ya bari suka yi nisa, sannan ya ce, ba da muryar dodo ba, da muryar Ilu:

"Wancan karon ba ke kaɗai kika zo ba. Ina mai rigar?"

Ruwan da ke tashi sama ya tsaya cak a iska, yana sauraro.

Na gaya masa. Yaya Mudi ya gama karatu, ya yi ta yawo da takardu har takalmansa suka cinye, sai wata safiya ya bi motar masu tsallaka hamada neman aiki. Ya kira daga wani gari, ya kira daga na gaba, daga nan bai sake kira ba. Shekaru ke nan. Tun daga lokacin, duk sanda aka buga ƙofar gidanmu, Inna takan saki abin da ke hannunta. Ko shi ne, ko wanda ya zo da labarinsa. Ni kuwa nakan shige ɗaki in buɗe littafi, in bar ta ta je ita kaɗai.

"Baba," na ce, "hannun nan da kuka ɗaga, me za ku yi da shi?"

"Me ake yi da hannu a bakin ƙofa? Bugawa zan yi."

Sai na ji tsoron. Ya taso daga tafin ƙafata, ya bi bayana. Ba ruwansa da ƙaho ko buhu. Hannuna ya kai gefe yana neman rigar da zan cusa fuska, babu riga. Na bar idanuna a buɗe.

Gwafar ta yi ƙara ta faɗi.

"Kai! Kai! Ku tare!" Bunsuru ya shigo a guje, babbar riga tana harɗe shi. "Saura ƙudurin alawus na gemu! Wanda ya amince, maza, wanda ya amince..."

Awaki suka juya. Babu hannu a sama. Suka dubi juna, suka dubi kofatansu. Wata ta gwada ɗaga nata, ta faɗo daga kujera.

Hannun yana saukowa a hankali, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofar gareji. Na ji Ilu yana cewa, "Wayyo daɗi. Wayyo Allah, daɗi." Ya dunƙule yatsu, agogon ya zamo masa zuwa wuyan hannu.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Na farka. Gari ya waye, hannuna na dama ya mutu a ƙarƙashin kaina, kuma ana buga ƙofar gidanmu. Daga tsakar gida na ji ludayi ya faɗi a kan siminti.

Littafi yana nan kusa da filo. Na tsallake shi. Na fita ba ɗankwali, na wuce Inna tana tsaye ta dafe bango, na zare sakata da hannun hagu.

Ladidi ce, maƙwabciyarmu, da goyo a baya.

"Ke Hansatu, barcin asara kike yi? Tun ɗazu nake bugu. A ara mini rariya. Kuma an kawo wuta, in kuna da guga ku hanzarta, kin san halinsu."

"Wane ne?" in ji Inna daga bayana, da muryar nan tata.

"Ladidi ce, Inna. Rariya take so." Na juyo na ce, "Daga yau ki bari ni zan riƙa buɗewa."

Ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauki ludayinta.

Ban yi guga ba, waya na sa a caji. Ƙarshen fim ɗin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Zungurum ya buga ƙofa, yarinyar ta buɗe ta watsa masa ruwan kanwa, ya faɗi yana shure-shure, silifas ɗaya ya yi tsalle ya fita daga hoto. Ban yi dariya ba. Na ma saki 'yar ƙara, saboda mutunci. Ina fata ya samu tuwonsa.

Iyakar abin ke nan. Na san ba haka ake rubuta labari ba. Zan sa takardun a ƙarƙashin butar shayi yanzu da kuke gardama a kan wanda zai zama ma'aji, tunda na ga an ce wanda ya amince ya ɗaga hannu, kowa kuma yana kallon gaba. Kada a neme ni. Ƙofar baya a buɗe take.