Allurar Shanu

"Direba, dakata! Amai zai sake yi."

Direban bai tsaya ba, sai dai ya rage gudu ya miƙo leda ta saman kafaɗarsa. Malam Sama'ilu ya karɓa ya tara a bakin ɗansa. Ba abin da ya fito sai wani koren ruwa mai yauƙi, don tun jiya cikin ba komai. Jalaluddeen ya koma ya langaɓe a jikin uban, gumi mai sanyi yana tsattsafo masa a goshi. Tun da suka baro Babura bai ce uffan ba, ga shi har an fara hango duwatsun Kazaure.

Wata dattijuwa da ke gefensu ta leƙo fuskar mara lafiyan, ta ga kumatu sun cika, wuya ya yi kauri.

"Malam, wannan ƙaton me ya kayar da shi haka?"

"Dauɗa ce take fita, Iya," in ji Malam Sama'ilu. "In ta gama fita zai miƙe."

Har cikin ransa haka ya yi imani. A kujerar baya kuwa Musaddiƙ mai walda, abokin Jalaluddeen, ya sunkuyar da kai. Shi ya taimaka aka ɗora mara lafiyan a mota, amma Malam Sama'ilu ko kallonsa bai yi ba.

Duk wanda ya san karar Babura ya san Malam Sama'ilu. Kiwon turke yake yi, da dusa da harawa da ƙowa, kuma ba a yi masa wayo a kan dabba. Akwai masu yi wa sa allura ana gab da ranar kasuwa, ya kumbura ya yi sheƙi, mai saye ya kai gida ya ga ashe ruwa ya saya. To Malam Sama'ilu tun daga nesa yake gane irin wannan san. In ana musu, ya dangwala babban yatsa a kwiɓin dabbar ya ɗauke, ramin yatsan ya zauna, shi kuma ya tofar da yawu ya wuce. Ba abin da ya tsana a duniya kamar 'yan allura.

Sai Allah ya ba shi ɗan fari siriri. Jalaluddeen ya girma ya zama tela, ya kai munzalin aure, amma in ya sa riga sai ka ce a ƙusa aka rataye ta. Uban kan ce masa maraƙin rani. In hadari ya taso, ya ce a riƙe masa shi kada iska ta kai shi Nijar. Shi a wurinsa wasa ne, kuma kowa dariya yake yi, har da wanda ake yi da shi.

Bara Jalaluddeen ya shiga 'yan ɗaga ƙarfe da ke taruwa a bayan rumfar Musaddiƙ. Kayan nasu siminti ne da aka zuba a gwangwanin fenti, da tsohon ƙarfen mota da aka yi wa walda. Ya yi ta ɗagawa safe da yamma, jiki ya ce bai san zancen ba. Sai bayan ƙaramar Salla ya fara cika. Fuska ta yi fam, ciki ya turo, bayan wuya ya tasa kamar tozo. Malam Sama'ilu ya ji daɗi, har ya riƙa gaya wa abokansa a kara cewa yaron nan ya zama mutum. Mutumin da ke gane san allura daga nesa, ga shi a gidansa suna cin tuwo kwano ɗaya bai gani ba.

A makon jiya Dela, mahaifiyar Jalaluddeen, ta je neman almakashi a aljihun keken ɗinkinsa, ta ci karo da kwalba da sirinji. Malam Sama'ilu na ganin hoton saniya a jikin kwalbar ya gane ta. Ya fasa ta a kan dutsen niƙa. Ya bi masu sayar da maganin dabbobi a kara ɗaya bayan ɗaya, ya rantse duk wanda ya ƙara sayar wa ɗansa ko wani abokinsa, sai sun haɗu a gaban manyan kasuwa. Sannan ya dawo gida ya yi abin da ya saba yi wa dabbar da aka cuta: ya sa Dela ta jiƙa jar kanwa, ta dafa filasko, a wanke cikin yaro tas. Jalaluddeen don kunya bai yi musu ba, abin da aka miƙo masa shanyewa yake. Da kasala ta zo, da amai da gudawa, uban ya ce alhamdu lillahi, magani yana aiki. Yau da safe ya faɗi a wurin alwala, ya dubi uwarsa bai gane ta ba. Ma'aikacin ƙaramin asibitin da suka fara zuwa ya gwada jininsa, ya sake gwadawa, ya ce su wuce Kazaure yanzu-yanzu.

A ɗakin gaggawa aka kwantar da shi a gado. Mai ba da kati ya ɗago kai.

"Sunan mara lafiya?"

Malam Sama'ilu ya waiga ya dubi Musaddiƙ. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, kuma bai taɓa furta shi ba.

"Jalaluddeen Sama'ilu," in ji Musaddiƙ daga baya.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Jalaluddeen ba, nas-nas suna ce mata Dakta Zara. Ta duba awon jini, ta sa a ɗaura ƙarin ruwa hannu biyu, sannan ta ɗage rigarsa. Fatar cikin ta tsattsage, kuma ga tabon allura birjik a cinya. Amma damatsan da aka yi shekara ana ɗaga ƙarfe dominsu sun saki, sun yi laushi.

"Me yake yi wa kansa?" ta tambaya.

Musaddiƙ ya ciro waya ya nuna mata hoton kwalbar. "An ce mana irin ta 'yan motsa jiki na Kano ce, ranki ya daɗe, sai dai wannan ta fi sauƙin samu."

"Ba ita ba ce. Waccan ma illa take yi, amma wannan ko tsoka ba ta sawa, cinye ta take. Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar Salla. Kusan kullum."

"Ta ƙarshe fa?"

Nan Malam Sama'ilu ya matso, ya gyara tsayuwa. Wannan tambayar tasa ce.

"Ai na raba shi da ita, likita. Tun makon jiya na fasa kwalbar da hannuna. Ko ɗigo bai ƙara shiga jikinsa ba."

"Lokaci ɗaya?"

"Lokaci ɗaya. Ni ba na lallashin mugun abu."

Likitar ta dube shi, ta juya ta gaya wa nas sunan wani magani da sauri, ta rubuta a takarda ta miƙa wa Musaddiƙ ta ce ya ruga. Sai da ya fita ta dawo kan dattijon.

"Baba, kun ba shi wani abu a gida?"

"Jar kanwa da filasko, don a wanke ragowar."

Da faɗa ta yi masa, da ya fi masa sauƙi, don ya san yadda ake amsa faɗa. Sai ta yi ƙasa da murya kamar mai yi wa mutum gaisuwar rashi.

"Baba, jikin mutum yana yin irin wannan sinadarin da kansa, shi ke riƙe jini kada ya faɗi. In aka daɗe ana zuba masa daga waje, sai jikin ya daina yin nasa. Shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya, ragewa ake yi kaɗan-kaɗan har jiki ya farfaɗo. Ku makiyaya ne, kun san yadda ake yaye maraƙi. Da kuka yanke, ba na waje, ba na ciki. Aman da gudawar kuma suka ƙarasa ɗan ruwan da ya rage masa. Yanzu ƙodarsa nake jin tsoro."

"Wato ba dauɗa ce take fita ba?"

"A'a, Baba."

"Da na bar masa kwalbar fa?"

"Da tana cutar da shi, amma da da ƙafarsa zai shigo nan. Ba ku sani ba ne. Mutane da yawa ba su sani ba."

Wannan bai rage masa komai ba. Ya dafa ƙarfen gadon. Musaddiƙ ya dawo yana haki da 'yar kwalba a hannu, nas ta fasa ta zuƙe.

"Wannan kuma mece ce?" in ji Malam Sama'ilu.

"'Yar uwar wadda kuka fasa ce," in ji likitar. "Ta mutane. Ita jikinsa yake nema."

Malam Sama'ilu ya dubi sirinjin. Yana tsaye aka tura ta a jijiyar ɗansa. Aka sa wa Jalaluddeen robar fitsari, aka rataye ledar a ƙasan gado. Likitar ta nuna masa ita ta ce ya riƙa dubawa, in ya ga ruwa ya fara sauka ya kira ta.

Haka ya zauna a kan benci yana kallon leda. Rana ta take, ɗakin ya cika da warin magani da kukan wata mata da aka kawo daga Roni da karaya. Ledar ƙarin ruwa ta ƙare aka sa wata, ita ma ta ƙare, ta ƙasan gado kuwa tana nan a shafe kamar yadda aka rataye ta. Dela ta kira a waya tana tambaya ko a ƙara jiƙa kanwa kafin su dawo. Ya ce mata a'a, ta bari. Ta ce me likita ya ce. Ya ce ana ƙara masa ruwa, ya kashe wayar.

Da aka kira azahar ya fita alwala, ya tarar da Musaddiƙ a gindin famfo. Duk baƙin cikin da ya rasa inda zai sauke sai ya taso masa.

"Kai ka koya masa. Ku da gwangwanayenku na siminti."

"Ni na raka shi ya saya, Baba, ban musa ba. Allah ya yafe min." Musaddiƙ ya share ido da bakin riga. "Amma shekaranjiya ya zo rumfata da ƙyar, yana dafa bango. Ya ce in taimake shi ko rabin sirinji ne, ji yake kamar ransa zai fita. Na zaga kara kaf. Ba wanda ya yarda ya sayar min. Kowa sai ya ce Malam Sama'ilu ya rantse."

Dattijon ya tsaya riƙe da buta, ruwa yana zuba a kan takalminsa.

"Me ya sa bai gaya min ba?"

"Ya ce ya riga ya ba ka kunya sau ɗaya. Ai da ma don kai ya fara, Baba. Ranar da ka ce a gaban mutane ya zama mutum, a rumfata ya wuni yana maimaitawa."

Malam Sama'ilu ya yi sallar, amma da za a tambaye shi abin da ya karanta da bai sani ba. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na ranar ba.

Wajen la'asar likitar ta dawo. Ta ce jinin ya ɗan hau, wannan abin godiya ne. Ta durƙusa ta ɗaga ledar ƙasan gado, ta matsa robar, ta mayar. Ta ce ƙodar ba ta amsa ba, su fara neman motar Kano, can ake da injin wankin ƙoda. Malam Sama'ilu ya tambaye ta ko yaron zai tashi. Ta ce rai na Allah ne, ba ta ƙara komai a kai ba. Musaddiƙ ya fita tasha.

Tana barin wurin Jalaluddeen ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon silin kafin ya gane wanda ke gefensa. Leɓɓansa sun bushe sun tsage.

"Baba."

"Ga ni."

"Ta safen nan, kanwar, na amayar da ita. Wallahi ba da gangan ba ne. In mun koma gida zan shanye wata."

"Ka sha ya isa," in ji Malam Sama'ilu. "Ba za ka ƙara ba."

"To ta fita? Allurar ta gama fita daga jikina?"

Nas ta iso bakin gadon da faranti. Ta fasa wata 'yar kwalbar irin ta ɗazu, ta zuƙe, ta ɗaga sirinjin tana ƙwanƙwasa shi da farce. Jalaluddeen bai gan ta ba, uban kawai yake kallo, yana jiran a ce masa ya yi daidai.

"Ta fita," in ji Malam Sama'ilu. "Rufe idonka ka huta."

Yaron ya yi ajiyar zuciya ya rufe ido. Uban ya kama hannunsa a hankali, ya juya shi, ya miƙa wa nas ɗin.